Malami Ba Ya Biyan Jirgi

Litinin, 15 ga Satumba

A yau, ni Zaharaddeen, malamin aji uku a Warra, an ɗora mini rawanin wakiltar ma'aikatan ƙetaren ruwa a zaman neman ƙarin albashi da ƙungiya za ta yi da hukuma a Yelwa. Tarihi ya shaida. Hujjar zaɓena, in ji shugabanmu Kwamared Umaru: "Bakinka ba ya gajiya."

Buƙatarmu guda ce, ita ce ta ƙarshe a jerin: kuɗin jirgi ga malamai da ma'aikatan lafiya da ke aiki a tsibirai.

Alhamis, 18 ga Satumba

Na kai ziyarar ban-girma ga Malam Ɗangana, wanda ya koya mini baƙi da wasali, kuma shi kaɗai ya rage yana koyarwa a tsibirin Tungar Dudu. Ya ce a da al'ada ce, malami da mai magani ba sa biyan jirgi. Ko ka miƙa, matuƙi zai ce kada ka sa masa baƙin jini. Inji ya zo, mai ya yi tsada, al'ada ta nutse. Malamai biyu sun gudu. Shi kuwa ya sayi wani tsohon kwale-kwale, yana tuƙa kansa da Susan, ma'aikaciyar ɗakin shan magani.

Na yi masa alkawarin girgiza zauren da balaga. Ya kira ni da laƙabin da ya sa mini, ya ce, "Ƙamus, bar girgiza. Ce musu kafaɗata ta gaji."

Laraba, 24 ga Satumba

Mun shirya mutanen tsibiri su zo zaman da kansu, domin ya faɗo ranar kasuwa, ranar da manyan jirage ke tashi. Yau aka ɗaga shi zuwa Talata, wai ranar kasuwa hayaniya ta yi yawa. Mutanen gari ne suka yanke. Babu wanda ya yi mugunta. Ba su taɓa jiran jirgi ba ne kawai.

Ke nan ni kaɗai.

Talata, 30 ga Satumba

Sai bayan la'asar aka iso kanmu, kowa ya ƙosa. Na miƙe, na gyara hula, na kira tafkin Kainji "bahar maliyan talakawa", na kira Malam Ɗangana "sarkin yaƙin alli da filafili". Zaure ya kece da dariya. Wakilin hukuma har da share hawaye, ya ce a ba shi ni aro ranar walimar 'yarsa. Aka tafa. Aka ce an ji, za a duba.

Sai a cikin mota na tuna ban ambaci kafaɗar ba.

Alhamis, 2 ga Oktoba

Hadari ya riski Malam Ɗangana da Susan a tsakiyar ruwa jiya. Sun kai gaci lafiya, amma a jiƙe ya yi darasi har aka tashi.

Litinin, 6 ga Oktoba

Kwamared Umaru ya kira ni gefe. Hukuma ta amince da ƙarin albashi ga kowa, da sharaɗin a jingine ƙananan buƙatu. Na ce tamu ba ƙarama ba ce.

"Ƙanena, mutum dubbai na jiran wannan ƙarin. In hana su saboda mutum nawa? Kai ma da ka yi maganar, wasa muka ɗauka kake yi."

Na gyara hula, na fita.

Laraba, 8 ga Oktoba

Malam yana kwance, ciwon haƙarƙari. Numfashinsa kamar ana jan tabarma. Ya tambaye ni yadda aka yi a Yelwa, na ce an tafa mini.

"To, madalla. Tafin nan, shina tuƙa jirgi?"

Ya yi dariya, tari ya karɓe ta. Susan ta ce yaran kan zo bakin ruwa kowace safiya da allunansu, su zauna har rana ta yi zafi, su koma.

Juma'a, 10 ga Oktoba

An sa hannu kan yarjejeniyar. An yi kabbara a harabar sakatariya. Inna ta yi murna da ƙarin, kuma tana da gaskiya. Buhun gero ba ya jin balaga.

Lahadi, 12 ga Oktoba

Malam Ɗangana ya rasu da hantsi. Allah ya jiƙansa.

Talata, 14 ga Oktoba

Mutanen Tungar Dudu sun zo ta'aziyya cikin jirgi guda, ba ranar kasuwa ba. Sun haɗa man da kansu. Aka ce in yi jawabi a madadin ƙungiya. Na tashi da jimloli uku da na tanada, masu nauyi. Na ce, "Kafaɗarsa ta gaji." Na zauna. Babu wanda ya tafa.

Wani dattijo ya tambaye ni ko za a turo wani malamin. Na ce za a duba. Kunya ta kama ni tun kafin in rufe baki.

Litinin, 20 ga Oktoba

Kada tarihi ya yi mini mummunar fahimta: na nemi sauyin wurin aiki zuwa Tungar Dudu ne saboda an ce kifin can ya fi araha. Ba a yi mini gardama ba, babu mai nema.

Iyalan Malam sun ba ni aron kwale-kwalen. Tuƙina abin tausayi ne. Sau biyu muna juyawa wuri guda, Susan na faɗin in daina yi wa ruwa jawabi in sa filafili. Wani masunci ya ɗaure mu a bayan jirginsa ya ja mu. Na laluba aljihu, ya kawar da kai.

Yaran suna bakin ruwa.

Akwai zaman ƙungiya a watan gobe. Na aika wa Kwamared Umaru cewa a sa shi ranar kasuwa. Layi ɗaya na rubuta.

Kafaɗata tana ciwo.