Jan Biro a Ganyen Lemo

Litinin, 3 ga Maris
Na dawo daga aiki na tarar da Baba a gindin lemon tsakar gida, da jan biro a hannu. Sabbin ganyen duk sun yi wasu fararen layuka masu lanƙwasa, kamar rubutun ɗan aji ɗaya. Maki yake ba su. Mutumin da ya tsufa a koyarwa, na ɗauka tsokanata yake yi. Ya ɗago ya ce, "Yaran nan ba sa barin tazara." Bai yi dariya ba.

Alhamis, 6 ga Maris
Na kai wa mai sayar da shuke-shuke ganye ɗaya. Ya ce tsutsar wani ɗan mitsitsin malam-buɗe-littafi ce mai yawon dare. Cikin ganyen take shiga, tana ci tana gaba, kuma lemo da danginsa kawai take so, musamman sabon toho. Wai malam-buɗe-littafi! Ni da nake neman mai rufe mana shi. Na sayi maganin feshi.

Asabar, 8 ga Maris
Ban gaya wa Yaya ba. Yana ji zai kwashe Baba zuwa gidansa, can saman bene, a rufe shi a ɗaki.

Laraba, 12 ga Maris
Na yi feshin, na tsinke duk ganyen da ke da layi. Baba ya fito ya zagaya bishiyar. Ina kicin ya fice. A bakin babban titi na same shi, motoci na ta wucewa, yana tambayar mutane ko sun ga ɗalibansa. Na kama hannunsa na ce, "Baba, mu je gida." Ya fizge. "Baiwar Allah, ke wace ce?"
Tsoro nake ji, wallahi, tsoro.

Lahadi, 16 ga Maris
Baba ba ya cin abin kirki. Ƙofa a kulle, makulli a jikina. Yaya ya kira, na ce lafiya lau.

Juma'a, 4 ga Afrilu
Lemon ya yi sabon toho, layukan sun dawo. Ban sake feshi ba. Ƙiwa ce kawai, ina jin.
Na tsinko ganye kaɗan na kai wa Baba ɗaki. Na buɗe baki zan ce Baba, sai na ji na ce, "Malam, ga aikinmu."
Ya karɓa, ya laluba aljihu ya ciro biro. Ya ce in koma wurina in zauna.
Na zauna.