Romon da Ban Taɓa Ba

Asabar, 14 ga Yuni, 2008

Har yanzu raina a ɓace yake. 'Yata Zainab ta samu aikin banki, ta kai ni cin abincin 'yan Biyetnam a saman wani tsohon bene, inda ake hango garin Greensboro gaba ɗaya. Da aka kawo romo na ce ta tambaya ko da alade a ciki. Ta ce, "Mama, rage murya, ana kallonmu."

Can manajanta ya zo gaisawa. Ta miƙe suna ta Turanci, ko nuna ni ba ta yi ba. Ni da na shekara goma ina gyaran gadajen otal saboda karatunta.

Gobe in ta zo cin tuwo, sai ta fara faɗa mini matsayina a wurinta.