An Gajarta Sandar Tsohuwa

Yaya,

Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya, kai da iyali. Na toshe lambarka, shi ya sa ka ga takarda.

Jiya kamfanin wasanmu na waya ya sabunta 'yan wasan da ke cikinsa. Tsohuwa, wadda kowa ya raina ni kaɗai nake ɗauka, an gajarta mata sanda, an rage mata sauri. Dabarar da na sha wuya na gano, ta tsalle da dukan baya, ta mutu murus, ga gasa ta ƙarato. Sun ce wani ne ya tura musu bidiyo. Na kalla. Ɗakin atisayenmu ne na cikin wasan, wanda ni da kai kaɗai muke da lambar shigarsa. Don Allah ka ce min ƙarya idona ya yi.

Ƙaninka,
Auta

Auta,

Ina amsa gaisuwa. Iyali lafiya lau.

Ni na tura, kuma ka kwantar da hankalinka ka saurara. Tsohuwa ta fi ƙarfin wasan. Duk wanda ya haɗu da kai ajiye waya yake, yara sun fara gudu. Wasa na jama'a ne, dole a daidaita shi. Ko ban tura ba, wani zai tura. Ka ɗauki Mahayi a madadinta, hannunka mai kyau ne, nan da nan za ka saba.

Ka buɗe lambata, Inna ta fara tambaya.

Yayanka

Yaya,

Ina gaisuwa, don an koya min gaishe da na gaba.

Jama'a! Yaushe ka zama lauyan jama'a? Lokacin da Mai Garkuwarka yake tattake kowa, ban ji ka kira daidaito ba. Tsohuwa ce kaɗai maganinsa, ka sani, na sani. Kai ka zo shagona ina tsakiyar gyaran wayar mutane, ka ce, "Auta, sake yi a hankali in gani." Na sake har sau nawa, ina ta washe baki wai yayana yana alfahari da ni. Ashe ɗauka kake.

Yau kyaftin ɗinmu ya cire ni, ya ce ba zai shiga gasa da gurguwa ba. Da baƙo ne ya yi min, wallahi da na yi dariya. Amma kai ne, kuma abin ya yi min ciwo.

Ka huta lafiya,
Auta

Auta,

Ina gaishe ka. Ni da 'yan ƙungiyata mun kai wasan ƙarshe, amma ban ji daɗinsa ba. An ce kana nan da Tsohuwa har yanzu, har ka doke wani Mai Garkuwa. Da guntuwar sanda? Ta yaya? Zo gida mu buga kamar da.

Yayanka

Yaya,

Ina taya ka murna. Zan zo gida saboda Inna.

Gaskiya ne, na gano wata sabuwar dabara. Ba zan nuna maka ba.

Auta