Na Bar Tsohuwa Da Laifin Idon 'Yata

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya kai da masu karatu. Don Allah a sakaya sunana, kuma kafin a zage ni a bari in kai ƙarshe. Rubutun ma a ajin yaƙi da jahilci na koya, a yi haƙuri da shi.

Ni manomi ne a wani ƙauye kusa da Burumburum. Kusan shekara biyar ke nan, da muka gama girbi, na tafi cin rani wajen haƙar kuza a Riruwai, na bar matata Hajo amarya. Zaman bariki ya ruɗe ni, na kusanci abin da Allah ya hana, na kwaso ciwon sanyi. A hanyar dawowa wani makiyayi wajen Falgore ya ba ni saiwa na jiƙa na sha, zafin fitsari ya lafa, na ce shi ke nan na warke. Na shiga gida ina rabon tsaraba kamar mutumin kirki.

Hajo ta sami ciki, ta tafi gidansu haihuwa tunda na fari ne. Aka aiko an sami mace. Kun san kunyar ɗan fari, ban taka gidan surukai ba sai ranar suna, ko tambayar lafiyar jaririya ban yi ba, wai kada a ce na yi rashin ta-ido. Ranar suna aka miƙo mini ita a zaure, sai na ga idanun sun kumbura sun manne, mugunya na tsattsafowa. Ashe tun kwana uku da haihuwa abin ya fara. Sun ɗiga nono, sun wanke da ruwan ganye, kullum ƙaruwa yake. Sai da aka yi arba'in na ɗauke su zuwa ɗakin magani na Tudun Wada. Malamin asibitin ya buɗe idon, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ja ni bayan ɗaki.

Ya ce, "Malam, tsakaninka da Allah, ka taɓa yin ciwon sanyi?"

Na ce, "Ni? Haba Malam!"

Ya ce, "To ka ji. Irin wannan daga miji yake zuwa ga mata, ita ba lalle ta ji komai ba, jariri ya kwasa a ido wajen fitowa. Da an goge idon da tsumma mai tsabta an ɗiga magani ranar haihuwa, ko an kawo ta da wuri, da tana gani. Yanzu an makara. Ku dawo kai da maiɗakinka a yi muku allura, in ba haka ba na gaba ma haka zai zo."

Na ce to. Ni kaɗai na saci jiki na koma ranar kasuwa aka yi mini, Hajo kuwa na ce mata malam ya ce ƙaddara ce.

Mutanen gari ba su tsaya a ƙaddara ba. Surukata ta ce Iya Tabawa, ungozomar da ta yanke cibi, ita ta sa wa jaririya kwalli da tsinke mai datti. Magana ta bazu. Tsohuwar da rabin garin nan a hannunta suka faɗo, aka daina kiranta, yanzu daddawa take tallatawa, matan ma ba sa son saye. Rannan ta tare ni a bakin rijiya ta ce, "Ɗan nan, ni na karɓi haihuwarka, kai ma ka yarda ni na makantar da ita?" Na sunkuyar da kai na ce, "Iya, Allah ne masani." Wane irin namiji ne wannan? Wallahi na tsani kaina.

Yarinyar yanzu ta shekara uku. Da hannu take gane ni, ta shafa gemuna ta ce Baba ne. In yara suka ruga da gudu sai ta tsaya tana juya kai wajen muryarsu. Duk sanda ta yi tuntuɓe da turmi, Hajo takan ɗaga ta tana kuka ta ce, "Allah ya isa tsakanina da wanda ya cuci yarinyar nan. Malam, ka ce amin mana." Ni kuwa in ce amin. Shekara uku ina amsa amin a kan kaina.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami, Hajo na da ciki wata takwas. Ba a yi mata allurar ba, mun ci gaba da zama, ban ma sani ba ko ciwon ya dawo mini. Na gwada ce mata mu je asibiti, ta ce lafiyarta ƙalau, me za ta je yi gaban namiji? Mahaifiyata ta ce matan gidanmu ba sa zuwa, kuma wannan karon an canza ungozoma, ba abin tsoro. Ba abin da zai ɗaga su sai gaskiya. In na faɗa, da wane ido zan kalli Hajo? Ubanta limamin unguwa ne, ranar zai raba auren, ta tafi da yarinyar da ba ta san fuskata ba sai da tafin hannu. In na yi shiru, ga damina ta kankama, rafin da ke tsakaninmu da Tudun Wada ya kusa hana ƙetarawa, haihuwar kuma ba za ta jira ni ba.

Na san wasu za su ce in tuba. Na tuba har na gaji, tuba ba ta buɗe ido ba, ba ta mayar wa Iya Tabawa mutuncinta ba. Sau uku ina zama gaban Hajo da niyyar faɗa, bakina ya ƙi. Jiya yarinyar ta ɗora kunne a kan cikin uwarta ta ce, "Baba, shi zai riƙa ja mini hannu ko?"

Jama'a, saura wata guda. Me zan yi?