Tsamiyar Gindin Dutsen Alwala

Daura,
ranar Lahadi, farkon damina.

Zuwa ga ɗana Mahdi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da abokan karatunka a Sakkwato. Allah Ya buɗa maka basira, Ya sa ka gama lafiya ka dawo mana. Mu nan gida kowa ƙalau. Ƙafar mahaifiyarka ta yi sauƙi, har ta koma zagayen 'yan'uwa da kanta. Rauda ta shiga aji uku na sakandare, Auta kuma ya kai izu goma. Ranar Talata aka yi ruwan shuka, yanzu duk wanda ka nema sai a ce yana gona.

Ran nan da muka yi waya ka ce dashen itace ai aikin damina ne, a haƙa rami, a sa dashe, sama ta yi sauran. Ban yi maka gardama ba, domin ni kaina da na shekara goma sha takwas ina koyar da darasin noma haka na ɗauka, sai da awakin unguwarmu suka gyara mini fahimta. Labarin ya fi ƙarfin waya, shi ya sa na ɗauki biro.

Ka san filin nan tsakanin masallaci da tsohuwar rijiya, inda kuka sha buga ƙwallo. Daminar bara waccan muka haɗu, dattawa da matasa da ɗalibaina, muka dasa itatuwa talatin a cikinsa: darbejiya, mangwaro, maɗaci da tsamiya. Suka kama, suka yi kore shar. Da kaka ta yi, muka tuna za a saki dabbobi, sai na ba da shawarar a kewaye kowane dashe da danga. Me ya fi yawa a lokacin? Sabon karan dawa, da ganyensa. Muka yini muna ɗaurewa, ni har da igiyar awo don layi ya miƙe. Muna cikin yaba aikinmu sai ga Hamma, makiyayin nan na wajen Sandamu da yake kawo wa kakanka nono, ya biyo da sandarsa. Ya tsaya ya duba, ya yi dariya har da dafa bango. Ya ce bai taɓa ganin mutane masu karamci irin namu ba, mun jera wa awaki akushi talatin, tuwo a ciki, akushin ma abin ci ne. Na ji haushi, na ce masa mun yi bisa tsari. Ya ce to Malam, Allah Ya sa awakin sun yi makaranta.

Cikin mako guda suka cinye dangar, suka wuce kan dashen. Guda bakwai suka tsira, su kuma bazara ta ƙarasa su, don kowa yana zaton maƙwabcinsa ne yake ba su ruwa.

Ana haka masu buga bulo suka je wurin Mai Unguwa suna neman filin, tunda dai a zaune yake. Bai hana su ba, bai ba su ba. Ya kira mu ya ce ba zai iya tsare fili da alkawarin baki ba. Ya ce mu sake dasa talatin. Idan ruwan farko na bana ya sauka ashirin suna raye, fili ya zama wurin inuwar unguwa har abada, idan kuwa ba su kai ba, injin bulo zai shigo. Ka ga ke nan babu sauran wurin wasan yara, babu wurin zaman suna ko ta'aziyya, ga ƙarar inji a jikin masallaci.

Na sauke girman kai na tafi Sandamu wurin Hamma. Ya ce a yi dangar da ƙayar magarya, sannan a jiƙa kashin awaki a ruwa a riƙa yayyafa wa ganyen, domin akuya ba ta cin abin da ta ji warin kashinta a jiki. Ɗalibaina suka yi ta toshe hanci, amma maganar ta tabbata. Saura ruwa. Rijiyar kan ja baya da bazara, ba kuma wanda zai sayi ruwan garuwa don itace.

Amsar tana gaban idona ban gani ba. Ka tuna Malam Audi mai ɗinkin hula, wanda yake alwala a kan baƙin dutsen nan na gefen fili tun kafin a haife ka? Wata azahar ina jiran sahu na lura duk filin ya ƙone ƙurmus, amma gindin dutsensa ciyawa ce kore. Buta biyar a yini, shekara da shekaru! Na kai wa Liman maganar, ya ce ruwan alwala mai tsarki ne, babu laifi ya shayar da itace, lada ma za a samu. Sai muka raba duwatsun zama, ɗaya a gindin kowane dashe na kusa da masallaci, kowane magidanci ya san nasa. Na nesa kuma mahaifiyarka ta karɓe su. Ta bi gida gida ta ce wa mata kada a ƙara zubar da ruwan ɗauraya a kwata, ta ce ai maza sun gwada nasu tsarin an gani.

Mutum ɗaya ne ya ƙi, Malam Audi. Ya ce shi ba zai bar dutsensa ba, itace ma ban da tara macizai da kashin tsuntsu me yake yi. Akwai wata 'yar tsamiya da ta rage bayan mun cika talatin, ƙanjamammiya, har an jefar da ita. Na ɗauka na dasa a inda ruwansa ke gangarawa, ban nemi izininsa ba. Ya yi faɗa kwana uku, ya ce yaran boko ba su da kunya, ni da furfurata. Amma bai cire ta ba. Bayan wata guda na ga an kewaye ta da ƙaya, na tambaya, ya ce shi bai san wanda ya yi ba.

Bazarar bana ta yi zafi ƙwarai. Mangwaro biyar suka bushe, gara ta ci uku, wata saniya ta tumɓuke biyu, ɗaya kuma har yau ban san abin da ya same shi ba. Ranar Laraba, washegarin ruwa, Mai Unguwa ya zo ƙidaya bayan la'asar, masu bulo suna biye da shi. Yana tafe yana kankare ɓawo da farce don ya ga ɗanye. Ya ƙirga sau biyu. Goma sha tara. Mahdi, ɗaya tak ya rage a cika ashirin. Sai muka ji Malam Audi daga kan dutsensa, buta a hannu, yana tambaya ko idon Mai Unguwa ya fara rauni ne, da ya tsallake tsamiyarsa. Tsamiyarsa fa, ya ce! Ta kai ƙirjin mutum, ta fi kowace lafiya. Babban masu bulo ya ce wannan ai a wajen fili take. Malam Audi ya ce dutsen nan yana cikin fili tun Mai Unguwa yana yawo ba wando, in ana shakka a tambayi Liman. Wuri ya kaure da dariya, har shi mai bulon. Mai Unguwa ya kankare ɓawonta, ya ɗaga kai ya ce ashirin. Fili ya zama namu. Su kuma an nuna musu wani wuri a hanyar Mai'adua, sun ma yi alkawarin bulon da za mu yi kujerun zama.

Yanzu Malam Audi ya hana kowa alwala kusa da tsamiyar, wai kada ruwa ya yi mata yawa.

To ɗana, ka ga rami aikin yini ɗaya ne, bazara ce aikin. Na san akwai masallaci a wurin kwananku. Gobe da azahar ka tsaya ka duba inda ruwan butoci ke gangarawa, za ka ga ƙasa jiƙe tana jiran mai ita. Ka nemi izini, kada ka yi irin tawa, ka sa dashe ɗaya tak, ka kewaye shi da ƙaya ba da kara ba. Idan ya kai baɗi da rai, ka rubuto mini tsayinsa, in kai wa Malam Audi mu ji abin da zai ce.

Mahaifiyarka tana gaishe ka, ta ce ka rage shan shayi ka riƙa cin abinci. Rauda da Auta da gwaggonka Ikilima duk suna gaisuwa. Ka gaishe mini da Sadiq ɗan Barakatu in kun haɗu. Hamma ma ya ce a gaishe da ɗan makaranta. Allah Ya yi maka albarka.

Ni ne mahaifinka,
Jibril