Surukina Ya Goge Tabon Kwanon Mahaifina

Goggo Tokiko, ki taimake ni kafin in yi abin da unguwa za ta ji mu.

Mahaifina maginin kwanon shayi na yumɓu ne, irin baƙin nan da ake kira raku. Kin san da awartaki ake ciro shi daga wuta yana ja zur, awartakin kuma ya bar tabo a gefe. Kwano ɗaya ya bar mini, na ƙarshen da ya gasa. Lokacin hannunsa na rawa, shi ya sa tabon ya yi zurfi. Kullum a nan babban yatsana yake zama.

Ina asibiti ana yi mini aikin gwiwa, sai mijin 'yata, Norihisa, mai shimfiɗa tayil, wanda in ya ga abu ya karkace ba ya iya barci, ya sa dutsen guga ya share tabon sumul. Ya naɗo kwanon a ƙyalle ya kawo mini, wai barka da sallama. Har da rusunawa, yana jiran godiya. Haifaffen Kyoto fa, garin da kowa ya san darajar kwanon shayi! Ni kuwa na ba shi shayi a kofin baƙi. 'Yata Chizuru kuwa cewa ta yi na cika riƙo, ai kwano ne. Wannan ta fi yi mini ciwo.

Wata mai zuwa za a yi shayin tunawa da mahaifina. Tsofaffin ɗalibansa za su juya kwanon suna laluben tabon. Me zan ce musu? Na rantse Norihisa ba zai taka ɗakin taron ba.

Mai Ƙunar Rai, Kyoto

'Yar'uwa, fushinki yana kan gaskiya. Ba a taɓa abin wani sai an tambaya, balle abin mamaci, kuma Chizuru ta yi saurin baki.

Amma kofin baƙi ba magana ba ce. Har yanzu mutumin nan gani yake ya burge ki. Ki zaunar da shi ki gaya masa ɓaro-ɓaro abin da ya goge, ko da za ki yi kuka. Kada kuma ki bari wani gwani ya sassaƙa miki tabon ƙarya.

Ki janye rantsuwar. Ranar taron, shi zai miƙa wa ɗaliban kwanon, ya faɗi abin da ya yi da bakinsa. Wannan ya fi kora nauyi, kuma ba zai raba ki da 'yarki ba.

Tabon ba zai dawo ba. Amma yatsanki ya san wurin, can zai ci gaba da zama. Ina miki fatan gwiwa ta warke, zuciya ta biyo bayanta.