Askirim ɗin Babanki

Assalamu alaikum Falmata 'yata. Ya gida, ya maigidan naki da yara? Ya Legas ɗin? Mu nan Nguru sai zafi da godiyar Allah.

Tun da bazarar nan ta kama babanki ya ƙi abinci. Abu ɗaya yake ambato, askirim ɗin 'ya'yan kuka da madara, irin wanda mata ke ƙullawa a leda. Na zaga gidajen masu yi, kowace ta ce ba wuta. Aka ce akwai wata mai firijin sola a Gashuwa. Da na ce zan je, babanki ya ce, "Ke da wannan gwiwar?" Na ce ai gwiwar tawa ce.

Na samo gidan kuwa, amma kafin mota ta dawo da ni askirim ɗin da na sayo ya zama ruwa. Washegari na koma da kwano cike da buntun shinkafa, na binne ƙulli huɗu a ciki, suka iso da ƙarfinsu. Ya sha biyu, har ya nemi kunu.

Laraba zan sake komawa, kada ki ce min in zauna. Ki sa shi a addu'a, ki gaishe min da kowa.

Mahaifiyarki.